DOKAR RAYA SANA'AR FASAHA, DA ABIN DA YA RAGE WA JIHOHIN AREWA

 

Wannan magana ce a kan wata doka da Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta kafa domin raya sana'ar fasahar zamani, watau sana'ar masu aiki da kwamfuta da intanet da wayar hannu, masu ƙago hanyoyin aika kuɗi da saye da sayarwa da sauran hidimomin jama'a. Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa mata hannu ran 19 ga watan Oktoba 2022, a lokacin da Malam Isa Ali Ibrahim Pantami ya ke Ministan Sadarwa. Sunanta Dokar Sababbin Kamfanonin Fasaha. Mutane da yawa a kasuwa da zaure sun ɗauka wannan zance ne na 'yan boko da mutanen Ikko kaɗai, babu ruwan mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ko mai auna hatsi a Dawanau. Wannan zato kuskure ne. Duk wanda ya karɓi kuɗin cinikinsa ta waya, ko ya ajiye na'urar POS a kan teburinsa, ya riga ya shiga hannun waɗannan kamfanoni, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka ya kamata a san abin da dokar ta ƙunsa, da abin da za ta iya, da abin da ya fi ƙarfinta.

ASALIN MAGANAR

Kafin shekarar 2001 layukan tarho a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, samun layi kuwa sai mai hanya. A watan Janairu na wannan shekara Gwamnati ta yi gwanjon lasin wayar hannu, kowane lasi a kan dalar Amurka miliyan 285, a watan Agusta kuma kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki. A shekarar 2024 layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. A kan wannan hanya ce waɗansu samari suka gina kamfanoni. Interswitch ta fara a 2002. Flutterwave ta fara a 2016. Paystack kuwa wani kamfanin Amurka mai suna Stripe ya saye ta a 2020 a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 200. Moniepoint, wadda na'urorinta suka cika kasuwannin Arewa, an ƙiyasta darajarta ta kai dala biliyan 1 a watan Oktoba 2024.

Amma duk wannan ya faru ne cikin ɗar-ɗar, domin hukumomi ba su magana da murya ɗaya. A watan Fabrairu 2020 Gwamnatin Jihar Legas ta hana haya da babur a manyan unguwanni, kamfanonin da suka zuba jari cikin kiran ɗan acaɓa ta waya suka wayi gari aikinsu ya tsaya. A watan Fabrairu 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kuɗin kirifto, bai janye ba sai Disamba 2023. A watan Yuni 2021 aka dakatar da Twitter, ba a buɗe ta ba sai Janairu 2022. Ko waɗannan hukunce-hukunce daidai ne ko ba daidai ba, wannan wata magana ce dabam. Abin lura shi ne mai jari ba ya son kasuwar da za a tashe ta dare ɗaya ba tare da an gaya masa ba. Falke ya kan jure nisan hanya da tsadar fito in ya san ƙa'idarsu, amma ba ya komawa garin da a ke canza kuɗin fito bayan ya ɗora kaya a kwalekwale.

Daga nan masu wannan sana'a suka zauna da Gwamnati aka tsara dokar. Ba Nijeriya ta fara ba. Ƙasar Tunisiya ta yi irinta a 2018, Senegal ta bi a ƙarshen 2019.

ABIN DA DOKAR TA ƘUNSA

Da fari, dokar ta bayyana wanda a ke nufi da sabon kamfanin fasaha. Shi ne kamfanin da aka yi wa rajista bisa dokar kamfanoni, wanda bai wuce shekara 10 da kafuwa ba, aikinsa kuwa ƙago wani abu ne ko wata hanya ta fasahar kwamfuta da sayar da ita. Sharaɗi ne kuma ya zama aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa yana hannun 'yan Nijeriya da suka kafa shi. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa za a ba shi takardar shaida mai aiki har shekara 10, da ita ne zai nemi sauran alfarmar da dokar ta tanada. Wanda ya ke sana'arsa shi kaɗai, ko da abokin tarayya, ba tare da ya mai da ita kamfani ba, an ba shi wata 6 yana riƙe da shaidar wucin gadi kafin ya cika ƙa'ida.

Na biyu, ta kafa Majalisa ta musamman wadda Shugaban Ƙasa ke shugabanta, Mataimakinsa na biye da shi, cikinta da ministocin da abin ya shafa, da Gwamnan Babban Banki, da wakilai huɗu daga masu sana'ar. Hukumar NITDA ce sakatariyarta. An ƙaddamar da wannan Majalisa a watan Afrilu 2023, aka buɗe ƙofar rajista ta intanet a watan Nuwamba na shekarar. Hikimar haɗa su wuri ɗaya ita ce kada wata hukuma ta rushe da dare abin da wata ta gina da rana.

Na uku, ta kafa asusun ba da jarin farko, ta ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza Naira biliyan 10 ba kowace shekara, hukumar NSIA mai kula da jarin ƙasa ta riƙe shi.

Na huɗu, sassaucin haraji. Dokar ta 2022 ta buɗe wa kamfani mai shaida hanyar neman yafewar harajin riba na shekara 3, da ƙarin 2 in ya cancanta. Ta yi wa mai zuba jari alkawarin ragin haraji daidai da kashi 30 cikin 100 na abin da ya zuba, ta kuma yafe masa harajin ribar sayar da hannun jarinsa in ya riƙe shi wata 24. Sai dai a lura, sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2025 sun soke tsohon tsarin yafewar harajin masana'antu, suka kawo wani a madadinsa wanda ya dogara ga yawan abin da kamfani ya kashe wajen kafa kayan aiki. Don haka wanda zai shiga lamarin sai ya tambayi masani a kan hukuncin da ke aiki ranar da zai shiga.

Akwai wani lissafi da ɗan kasuwa zai gane nan da nan. Ranar da aka sa hannu, dala ɗaya tana wajen Naira 440 a farashin Gwamnati, watau biliyan 10 ɗin nan ta kai kusan dala miliyan 23. A shekarar 2024 dala ta haura Naira 1,500, sai wannan adadi ya koma ƙasa da dala miliyan 7. Rubutun dokar bai canza ba, amma mudun ya ƙanƙance har kashi biyu cikin uku sun zube. Kayan wannan sana'a kuwa, daga kwamfuta har hayar rumbun ajiyar bayanai, galibinsu da dala a ke sayensu.

SHUGABA DA RAYA SANA'A

Kada wani ya ce shigar hukuma cikin raya sana'a baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi a ke danganta wa kafa Kasuwar Kurmi, wadda ta jawo fatake daga Borno da Gwanja da ƙasashen Larabawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, kamar manoma da maƙera da maɗinka da marina, tare da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Baturen nan Barth da ya iso Kano a 1851 ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne amincin hanya, da alƙalin da ke yanke hukunci tsakanin mai kaya da dillali, da fatoma mai amana, da almajiran sana'a da ke tashi a gindin iyayen gidansu.

A zamanin Turawa aka kawo tsarin yafe haraji ga sababbin masana'antu da dokar 1952, aka sabunta ta a 1958 da 1971. Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ta haɗa jari da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Waɗansu masaƙu suka biyo baya, Kakuri ta cika da ma'aikata, a Kano kuma Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika da masana'antu. Manomin auduga a Funtuwa da Gusau ya sami mai saye, ɗan kasuwar Kwari ya sami kayan gida. To, ina su ke yanzu? Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta tsaya a 2007, da yawa daga cikin na Kano suka koma rumbunan ajiye kayan waje. Dokar yafe haraji tana nan a littafi duk tsawon lokacin da su ke mutuwa. Abin da ya kashe su shi ne rashin wutar lantarki, da tsadar man injin, da injuna da suka tsufa, da kayan fasa-ƙwauri masu araha da suka cika kasuwa. Wanda ba ya cin riba, yafe masa harajin riba ba ya tsinana masa kome.

Wannan shi ne darasin da ya kamata ya tsaya a zuciyar duk mai duban sabuwar dokar.

MISALAI BIYU DAGA WAJE

A ƙasar Amurka jihohi su kan yi gasar jawo manyan kamfanoni da alkawarin kuɗi. A shekarar 2017 Majalisar Jihar Wiskonsin, a zamanin Gwamna Scott Walker, ta yi doka ta ware kusan dala biliyan 3 domin kamfanin Foxconn na ƙasar Taiwan, shi kuma ya yi alkawarin zuba dala biliyan 10 da ɗaukar ma'aikata 13,000 a masana'antar gilasan talabijin. Aka tashi mutane daga gidajensu, aka shimfiɗa tituna, aka ja ruwa da wuta. Babbar masana'antar da aka yi alkawari ba ta tabbata ba. A 2021 Gwamna Tony Evers ya sake yarjejeniyar, jarin ya koma dala miliyan 672, ma'aikata 1,454, tallafin jiha kuma bai wuce dala miliyan 80 ba. Abin da ya rage wa jihar asara shi ne tun farko an ɗaure yawancin tallafin da sharaɗin sai an ga ma'aikata da jari a ƙasa kafin a biya. Amma kuɗin da aka kashe wajen filaye da tituna ya riga ya fita, gidajen da aka rushe kuwa ba su dawo ba.

Misali na biyu daga ƙasar Indiya ne. Birnin Bangalor na Jihar Karnataka ya zama cibiyar rubuta manhajar kwamfuta da duniya ta sani. Jihar ita ce ta fara fitar da tsarin raya wannan sana'a cikin jihohin Indiya, a 1997. Amma kafin wannan tsari akwai babbar makarantar kimiyya a birnin tun 1909, da kwalejojin injiniya masu yawa. Kamfanin Infosys ya koma can a 1983, Texas Instruments na Amurka ya buɗe a 1985, a 1991 kuma Gwamnatin Indiya ta kafa hukumar da ke samar wa masu sana'ar hanyar sadarwa da sauƙin fitar da aikinsu waje. Watau dokar jiha ta tarar da mutane masu ilmi a ƙasa, ta share musu hanya.

Bambancin a fili ya ke. Ɗaya ta sayi alkawarin baƙo da dukiyar talakawa, ɗaya ta shekara tamanin tana shuka ilmi kafin ta zo girbi.

ABIN DA KE HANNUN JIHOHI

Dokar 2022 ta Tarayya ce, ƙofarta a buɗe ta ke ga ɗan Sakkwato kamar yadda ta ke ga ɗan Ikko. Amma ruwa ba ya kwanciya sai a kwari. Yawancin manyan wayoyin intanet da ke bi ta ƙarƙashin teku a Ikko su ke fitowa, kamar MainOne da Glo-1 a 2010 da Equiano a 2022. Hedkwatar yawancin bankuna tana can, masu jarin waje can su ke sauka. In jihohin Arewa suka naɗe hannu, ribar dokar za ta taru a inda ta tarar da shiri, Arewa ta zama kasuwar saye kawai, tana biyan la'ada a kan kowace Naira da ta bi ta waya, la'adar kuma tana tafiya inda kamfanin ya ke. An ɗanɗana wannan a farkon 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, har mai sayar da tumatir ya koma karɓar kuɗi ta waya.

Akwai abubuwa biyar da ke cikin ikon Gwamna da Majalisar Jiha, ba sai sun jira Abuja ba.

Na farko wutar lantarki. Gyaran Tsarin Mulki na watan Maris 2023 da Dokar Lantarki ta watan Yuni 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da tsara kasuwarta a cikin iyakarsu. A watan Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Ƙasar da Allah ya wadata da hasken rana bai kamata rayuwarta ta rataya ga waya ɗaya da ta ratsa dajin 'yan bindiga ba.

Na biyu kuɗin haƙa ramin wayar intanet. Jihohi ne ke karɓarsa a kan kowace mita. An yi matsaya a kan Naira 145, amma waɗansu jihohi sun riƙa karɓar dubbai. A 2020 Jihar Ekiti ta sauko daga Naira 4,500 zuwa 145, Jihar Kaduna kuma ta yafe shi ɗungum. Jihar da ta tsananta wannan kuɗi ta sami na cefanen yau, ta hana garuruwanta hanyar ciniki ta shekaru.

Na uku tsaro. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara da waɗansu sassan maƙwabtanta saboda yaƙi da 'yan bindiga. Babu mai kafa sana'ar da ransa waya ce a wurin da za a iya kashe wayar.

Na huɗu yawan masu karɓar kuɗi. Mai shago ɗaya, wannan ya zo da rasit na ƙaramar hukuma, wancan na jiha, wani na allon talla, wani na shara. Dokar jiha da za ta haɗa waɗannan wuri ɗaya, ta bayyana adadinsu a rubuce da Hausa, boko da ajami, ta fi wa mai ƙaramin jari amfani bisa yafewar harajin da ba zai kai gare shi ba.

Na biyar ilmi. Jihar Jigawa ta kafa makarantar koyon kwamfuta a Kazaure tun zamanin Gwamna Saminu Turaki. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin horar da mutum miliyan 3 a ƙarƙashin Minista Bosun Tijani a 2023. A Kano, wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre zai ga samari suna kwance waya suna ɗaure ta, da yawansu ba su yi zurfi a boko ba, waɗansu daga makarantar allo suka fito. Wannan shaida ce cewa basira tana nan. Yaron da ya iya haddace izu sittin, ya rubuta shi da ka ba tare da ya sauya wasali ba, ba za a ce ƙwaƙwalwarsa ta gaza ɗaukar lissafi da ƙa'idojin kwamfuta ba. An kafa Hukumar Ilmin Almajirai da Yaran da Ba Su Makaranta a 2023. Ya kamata dokar kowace jiha ta haɗa wannan da wancan, ta yadda gardin da ya sauke zai sami ƙofar koyon sana'ar zamani da takardar shaidar da hukuma ta yarda da ita, ba tare da an raba shi da karatunsa ko an wulakanta malaminsa ba.

MAS'ALAR KUƊIN RUWA

Abin da ya fi hana attajiran Arewa da malamansu sakin jiki da shirye-shiryen Gwamnati shi ne tsoron kuɗin ruwa, wannan tsoro kuwa yana bisa hujja, domin haramcinsa ba abin jayayya ba ne. Amma a nan akwai abin lura. Yawancin jarin da a ke zuba wa sababbin kamfanonin fasaha ba rance ba ne. Mai kuɗi ya kan ba da kuɗinsa a ba shi wani kaso na kamfanin. In an ci riba ya ci gwargwadon kasonsa, in an faɗi kuɗinsa ya tafi, ba ya bin kowa bashi. Wanda ya karanta babin ƙiradi da na tarayya a Risala ko Muhtasar zai ga wannan ya yi kusa da abin da ya sani: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko kamar rabi ko sulusi, asarar dukiya tana kan mai ita, mai aiki ba ya lamuni sai in ya yi ta'addi ko sakaci. Da irin wannan ne attajiran Kano suka riƙa tura yaransu Gwanja sayen goro.

Kusanci ba ya nufin kowace yarjejeniya ta halatta. Akwai takardun da a ke sa wa mai jari sharaɗin sai an mayar masa da uwar kuɗinsa da ƙari kafin kowa ya taɓa kome. Akwai waɗanda su ke farawa a matsayin rance mai ruwa, daga baya su rikiɗe su zama hannun jari. Akwai kuma kamfanin da asalin sana'arsa caca ce ko ba da rance da ruwa. Waɗannan duka suna bukatar malamin da ya san fiƙihu ya kuma fahimci takardar, ya zauna da lauya su bi ta layi layi. Fatawar da aka bayar ba tare da an fahimci surar mas'ala ba, ko ta halatta ko ta haramta, zalunci ce ga mai tambaya.

Hanyar ma a share ta ke. Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa a 2011 a zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin Tarayya ta sayar da sukuk na Naira biliyan 100 a 2017 domin gina hanyoyi. Shirin iDICE da aka ƙaddamar a 2023 domin jarin fasaha, mai kuɗi fiye da dala miliyan 600, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana cikin masu zuba masa kuɗi. Saboda haka jihar da za ta kafa asusun tallafa wa matasanta ba ta da uzurin gina shi a kan ruwa, alhali ta san yawancin mutanenta ba za su taɓa shi ba.

Wajibi ne kuma a rarrabe tsakanin sana'a da damfara mai sanye da rigar fasaha. MMM ta cinye dukiyar jama'a a 2016, CBEX ta maimaita a watan Afrilu 2025. Alamarsu ɗaya ce: alkawarin riba tabbatacciya mai yawa cikin 'yan kwanaki, ba tare da an ga abin da a ke saye ko sayarwa ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta mai da wannan laifi mai hukuncin ɗauri. Haka kuma manhajojin ba da rance da ke tona asirin wanda ya kasa biya ga duk lambobin da ke cikin wayarsa, waɗanda hukumar kare masu saye ta fara kai wa samame a 2022. Dokar raya fasaha da ba ta tafi tare da kare mutuncin talaka ba, ta ba kura ajiyar nama.

ABIN DA YA KAMATA

Ga 'yan majalisun jihohi, duk dokar da za a kawo da sunan raya fasaha a tambaye ta abu uku kafin a ɗaga hannu. Wa zai amfana, sunansa da adadin ma'aikatan da zai ɗauka? Yaushe za a biya shi, kafin ya cika alkawari ko bayan ya cika? Wa zai duba littafin kuɗin, kuma a ina za a buga shi jama'a su gani? Filin da za a ba kamfani a rubuta cewa zai koma hannun jiha in ba a gina abin da aka ambata ba cikin wa'adi, masu gonakin kuma a biya su haƙƙinsu cikakke kafin a sa musu katafila. Wakilan Arewa a Majalisar Tarayya su riƙa tambaya kowace shekara nawa aka zuba a asusun nan na biliyan 10, kamfanoni nawa suka samu, daga waɗanne jihohi.

Ga attajirai, dukiyar da ke kwance a filaye da rumbuna tana iya ɗaukar nauyin samari masu basira da ke yawo da shawara a ka babu jari. Matsalolin da ke neman magani a gabansu su ke: sanin farashin hatsi tsakanin Dawanau da ƙauye, bin sawun motar kaya daga Ikko zuwa Maraɗi, rubuta bashin da ke tsakanin babban dila da 'yan kiri, kai tumatirin Kadawa kasuwa kafin ya ruɓe. Wanda ya san ciwon shi ya fi cancanta ya mallaki maganin. Sai dai a yi shi a rubuce, da shaidu, da rajista, kowa ya san kasonsa. A kuma sani cewa da yawa daga irin waɗannan kamfanoni su kan mutu tun suna ƙanana, don haka kada mutum ya zuba abin da faɗuwarsa za ta tayar da gidansa.

Ga malamai, jama'a na sauraronsu fiye da yadda su ke sauraron kowace hukuma. In suka yi shiru, samari za su shiga lamarin ba jagora. In suka yi hani a dunƙule, masu jin magana za su zauna, waɗanda ba su ji su wuce, dukiya da iko su koma hannun da ba ya tambayar halal da haram. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, waɗanda suka fahimci abin da ya zo da shi, irin su Alhasan Ɗantata, suka riƙe cinikin gyaɗa maimakon su bar wa baƙi shi duka, zuriyarsu na cin albarkacin wannan har yau. Wayar da ke aljihun kowa ita ce dogon wannan zamani, kayan da ke bi ta kanta kuwa sun fi na wancan yawa.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya sa albarka a kasuwanni da makarantu, ya kiyaye bayinsa daga cin haram, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.